Laƙanin Balaraba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar aminiyata Balaraba, mai sayar da zare da maɓallai a Ƙofar Wambai. Hawan jini ne ya yi ajalinta. Cutar da 'yan unguwa suka zuba ido su ga ta kayar da ita ba ta taɓa kwantar da ita ba, kuma da alfahari nake faɗa.

A layin asibiti muka san juna, kowaccenmu ta ɗauki cuta mai karya garkuwar jiki daga marigayi mijinta. Ni na rame kamar tsinke, ita kuwa kumatu a cike, tana ta tsokanar masu jira. Likitoci suka yi ta auna jininta: cutar tana nan amma ta kasa ɗaga kai, alhali ko magani ba ta fara sha ba. Suka ce irinta ba su da yawa, kuma gado ne. Ta gaji ƙwayoyin halitta masu sa garkuwar jikinta ta gane cutar da wuri ta danne ta.

To, mu mutanen cikin gari ba ma yarda da lafiyar da babu laƙani a bayanta. Mata suka fara yi mata sallama a ɓoye, wannan da goro, waccan da turare. Wasu har rantsuwa suke yi shayin kanumfarinta ne sirrin. Ni ma na je, don magani ya gundure ni, ga 'yata tana ƙarama, ba ta da kowa sai ni.

"Don Allah ki ba ni laƙanin nan, in huta da haɗiyar ƙwayoyi."

"Ɗauko mayafinki mu je wurin mai shi," in ji ta.

Ta tare adaidaita sahu, sai ga mu a ƙofar asibiti. Na ji haushi matuƙa.

"Ke Rabi, nawa a jinin Inna da Baba na samo shi, ba ya gutsuruwa. Naki yana nan ciki. Kika daina sha, babu ni babu ke."

Haka ta yi wa duk wadda ta zo mata, ta kuma cinye goronsu.

Da tana raye yau, da ta sha dariya in ta ji masana a duniya suna ta nazarin jinin irinta, ko za su samo wa sauran mutane magani. Ai cewa za ta yi ashe su ma laƙanin suke nema. Sun gano ko a cikin irinta gadon ba ɗaya ba ne, na wasu yakan yi sanyi bayan shekaru, shi ya sa ake so su ma su riƙa zuwa awo.

Abin da ke jininta ta tafi da shi, Allah Ya jiƙanta. Mu da ta loda a adaidaita sahu kuwa muna nan da ƙafafunmu. Na aurar da 'yar nan tawa, bana ta haifi mace lafiyayya. Ranar suna da safe na sha maganina, sannan na karɓi jaririya Balaraba na goya.