Malam Wataƙila

A kasuwar Kafanchan, in ka tambayi Malam Zamani, sai a ce, "Wane? Malam Wataƙila?" Masu citta suna cewa ko sunansa ka tambaye shi, sai ya ce bari ya auna tukuna. Akawun ƙididdiga ne a ofishin gona. Da sassafe yake ɗaure sikeli a bayan keke ya bi ƙauyuka, yana tambayar manoma abin da suka shuka da abin da suka haƙa. Watan nan ya yi ritaya.

Shekarar da aka fara kawo takin zamani, gonakin bakin hanya ne suka samu, cittarsu kuwa ta yi kyau. Aka ce ba za a ƙaro wa ƙungiyarmu ta manoma taki ba sai da rahotonsa. Ni ke rubuta wa ƙungiya takardu, da ɗan karatun da na samu a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka ina wurin sa'ad da Baba Kumai, shugabanmu, ya ce wa Malam Zamani, "Ɗana, haɗa na masu taki, haɗa na marasa taki, ka gwada. Ko makaho ya gani."

"Baba, gonakin bakin hanya da ma sun fi ƙarfi. In na gwada haka, ban sani ba ko taki nake yabo ko ƙasa. A raba kowace gona biyu, rabi da taki, rabi babu, a gwada ta da kanta."

"To takin yana aiki ko ba ya yi?"

"Wataƙila."

Damina guda muka rasa muna jiran awonsa. Mama Lai'atu, gwauruwar da ke noma bayan dutse, ta ce a bakin coci, "Zamani ya ƙi zamani!" Aka yi ta dariya. Mutane suka daina miƙa masa ruwa. Duk mun gani, babu wanda ya hana.

Da kaka ta zo, awon ya nuna gonakin da suka gaji ne takin ya fi ɗagawa. Aka fara kai buhuna bayan dutse, inda babbar mota ba ta taɓa zuwa ba.

Malam Zamani, kai ne mai awo da ba ya danna sikeli. Ka sha rana da ƙishi a ƙofofinmu, ba ka taɓa tuna mana ba. Mun gode. Yaran da ke shiga ofis yanzu, ku koyi faɗin "wataƙila" kafin ku ce "tabbas".

Ranar ban kwana, mu maza muka yi ta jawabi, muna kewaye maganar. Sai Mama Lai'atu ta tashi da kwaryar ruwa, ta durƙusa gabansa.

"Ɗana, sha. Bakina ne ya hana ka ruwan garin nan. Ka yafe ni, ka yafe mana duka."