Kuɓewar Inna a Ranar Arfa

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, na tabbata zai bar min ranar Arfan shekarar da Baba ya je Makka. Har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai a kan babur.

Lokacin ina kabu-kabu tsakanin Gummi da ƙauyukan gefenta. Tunda Baba ya tashi Inna ta rage cin abinci. Da ciwon ƙafa ya tafi, kuma tun aurensu bai taɓa yin nisa da ita haka ba. Yakan kira ya ce lafiya lau, ita kuwa ta ce baki yana iya faɗin komai, sai ta gan shi tsaye da idonta. Tausayinta ya sa na kawo mai haɗa dish, ya girke mana irin babban farantin nan a ƙasa, bayan ɗakinta, don ta kalli hawan Arfa kai tsaye. Ban iya gaya mata cewa ba a tsinto mutum ɗaya a wannan taro ba.

Kullum in na dawo bayan magariba mukan kunna, hoto tar, murya rangaɗau. Da rana kuwa ba mu taɓa gwadawa ba, don ba na gida.

Ranar Arfa da hantsi ɗakin Inna ya cika. Gwaggona tana gaba, matan makwabta sun jeru a tabarma, kowa da azumi a bakinsa. Na tada janareto, na danna rimot ina hura hanci. Allo ya yi shuɗi, ya rubuta babu sigina, ya yi shiru.

Ni mutum ne mai saurin fushi, ga azumi, ga idanu a kaina. Na ciro batiran rimot na cije su, na mayar. Na kashe dikoda na kunna. Na zare wayoyin nan uku na bayan talabijin, ja da fara da rawaya, na hura musu iska kamar mai fifita shayi, na cusa su inda hannuna ya faɗa. Na ƙure murya har ƙarshe ko zan ji wani motsi. Ko tari bai yi ba.

Gwaggo ta ce, "Ɗan buge shi ga ƙeya, haka anka saba yi ma rediyo."

Na buge shi. Na ƙara har hannuna ya yi zafi. Wata makwabciya ta ce ƙila mutane ne suka yi yawa a can, hoton ya kasa ɗaukowa. Inna dai tana jan carbi tana kallon shuɗin allo, can ta ɗago ta ce a hankali, "In an sauka ban gane shi ba hwa?" Wannan magana ta soke ni ƙwarai.

Da dabara ta ƙare, sai na kama wayar da ta fita ta taga na bi ta har bayan ɗaki. Nan na tsaya turus. Farantin cike yake da yankakkiyar kuɓewa, an baje ta tsaf har baki. Kan nan kuma da ke tsakiya, wanda ke karɓar sigina, an kife masa kwanon tuwo.

"Inna, wa yay yi wanga aiki?"

Ta iso tana gyara mayafi. "Ni ce. Mi anka yi? Wuri mai tsabta, kaji ba su hawa, ga zahin rana."

"To kwanon hwa?"

"Abu mai tsada haka ka bari rana na gasa mai kai? Da marece nike ɗauke mai."

Ashe tun washegarin da aka girke shi take wannan hidima. Na buɗe baki zan yi faɗa, dariya ta riga fita. Mata suka fito da faya-fayi ana kwasa, Inna na gargaɗin kada ko guda ta faɗi ƙasa.

Muna komawa sai ga Arfa fari fat, amma mutane na motsa baki ba murya. Wannan kam aikina ne, ja da fara na ɓata musu wuri. Na mayar da kowace ramin launinta, na manta na ƙure murya. Huɗuba ta fashe a ɗakin, Gwaggo ta zabura ta bar ɗankwalinta a tabarma, awaki suka watse a tsakar gida.

Inna ko gezau. Ta matso har numfashinta na taɓa allo, tana bin mahajjata ɗaya ɗaya. Can ta ɗora yatsa a kan wani mai lema yana ɗan ɗingishi. "Ga shi nan. Tahiyatai ce." Hawaye suka zubo mata. Da aka sha ruwa ta cinye tuwonta tas har ta nemi ƙari.

Ranar da Baba ya dawo, ni na ɗauko shi daga tasha. A hanya ya gaya min ƙafar ta kumbura ranar Arfa, bai leƙa wajen tanti ba, lema kuma bai taɓa riƙewa ba. Muna shiga gida Inna ta tare shi da labarin ta gan shi. Ya dube ni, ya dube ta.

"Awo, ni ne. Har hannu na ɗaga miki, ba ki gani ba?"

Abin da na koya shi ne, in hoto ya ɗauke, kafin ka mari talabijin ka bi waya har inda ta ƙare, ka kuma tambayi mutanen gida. In kuwa hankalin tsohuwa ya kwanta, ka kama bakinka, wannan ba ya bukatar gyara.