Kwandon Packie McGinley

Ƙarfe shida na safiyar wata Talata, Nuala McGinley ta hura wuta ta ɗora shayi. Ƙarfe bakwai ɗanta Packie, masunci ɗan shekara ashirin da huɗu, ya ci burodi a tsaye. Ƙarfe takwas ya jera ƙwai a kwando, zai kai wa yayarsa da ta haihu a tsibirin da ke tsallake.

"Jamusawa zan kai wa, Inna," in ji shi. "An ce da taba suke biya."

"Rufe min baki kar wani ya ji."

Shekarar 1941 ce, duk gaɓar Donegal ta ƙasar Ireland zancen ke nan: wai jiragen ruwan yaƙin Jamus masu nutso suna tasowa, mutanen ƙauye na sayar musu da ƙwai da man shanu. Nuala ba ta taɓa haɗuwa da wanda ya gani da idonsa ba, amma kullum Packie ya fita sai ta hau tudu.

Ƙarfe tara ta hango wani baƙin abu yana lilo a gaban kwale-kwalensa. Su ne, ta ce a ranta, za su tafi da shi.

Shi kuwa Packie ya ɗauka ganga ce. Tun da aka fara yaƙin duniya, teku ke turo kayan jiragen da aka nutsar, al'adar gaɓar kuma wanda ya fara ɗaura igiya shi ke da kaya. Maƙwabcinsu Condy na tuƙowa a baya. Shi ya faɗa mata daga baya cewa Packie ya waiwayo yana dariya, ya ce, "Ka makara, tsoho."

Nakiyar yaƙi ce ta cikin ruwa. Tara da minti ashirin ta tashi da Packie da kwale-kwalensa.

Kwandon ya fito a gaɓar ƙauyen da ke gaba. Kafin mako ya zagayo ana cewa a kasuwa ciniki ne ya ɓaci, Jamusawa suka harbe shi. Da wani hafsan soja ya zo bincike, ta zuba masa shayi, ba ta jira ya tambaye ta ba.

"Ƙwai goma sha takwas ne," ta ce. "Na 'yata ne."

Ya rubuta nakiya, ba a san ta wace ƙasa ba ce. A kasuwa dai ba a fasa zancen ba.

Takalman ruwan Packie na ajiya ta ba Condy. Rigar sanyinsa ta Lahadi ta warware, ta saƙa wa jaririyar bargo. Kwandon ta wanke ta gyara hannunsa. Duk Talata takan cika shi da ƙwai, ta ratsa tsakiyar kasuwa da shi a buɗe, ta shiga kwale-kwalen Condy zuwa tsibirin, tana runtse ido har su isa.