Mama Serah da Ƙwayoyin Cikin Kwata

Ƙarfe shida na safe Mama Serah ta riga ta ɗaura zani a kan yunifom, tana sharar harabar ƙaramin asibitinmu na Kado. Shekara ashirin da shida ke nan. Ba likita ba ce, ba nas ba ce, amma tsintsiyarta ce ta tono abin da ya shige wa likitoci duhu. Kullum sai ta kwaso ƙwayoyi ja da rawaya a kwatar bakin ƙofa, maganin ƙarin jini da bitamin da ake ba masu awon ciki. Mu masu awon, muna fitowa muke watsarwa, wai yana sa jariri ya yi ƙato a kai mace ga tiyata.

Ni ma a nan ta kama ni, ina da cikin wata huɗu, da digirina, da katin ma'aikatarmu a wuya.

"Madam Kauthar, mene ne wancan kika yar?"

Na ce, "Haba Mama, tsoron wuƙa nake yi."

Ta jingine tsintsiya. "Haka na yi da cikin ɗana Thaddeus. Na haife shi ɗan mitsitsi, har ina murna. Yanzu ƙiba ta hana shi hawa bene, ga ciwon suga. Likita ya ce yaron da bai samu bitamin a ciki ba, jikinsa na iya sabawa da tara kitse, abin ya biyo shi har girma. Ba zan share rabon ɗanki da hannuna ba."

Wallahi kunya ta kama ni. Ta karɓo mini wasu, ta miƙo ruwa, ta tsaya a kaina har na haɗiye. Ashe haka take yi wa kowa, matar oga da mai sayar da kifi, babu wadda take ragawa.

Lafiya lau na haifi Saudatu, ba tiyata. Bana shekararta tara, ita ta zo ta ɗaya a tseren makarantarsu.

Ranar Juma'a Mama Serah ta yi ritaya. Muna tsaye ta share kwatar nan sharar ƙarshe, ta ɗaga kwandon ta nuna mana. Ganye ne da ledar ruwa, ko ƙwaya ɗaya babu. Sai guɗa!

Ke ce kika yi wannan, Mama, uwar masu awo. Mun gode, Allah ya ba Thaddeus lafiya. Mu kuma da muka sha ruwa a hannunki, bakin ƙofar nan ya zama namu. Ranar Litinin ni zan fara tsayawa da kofin ruwa.