Kawu Yahuza da Lasifikar Dama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Salamu alaikum, Inna Yagana. Indo ce, 'yar Tabawa, daga Tanut. Jar fitilar rakoda ta kama, ina tsammanin tana ɗauka. In kin ji murya na rawa, ba batir ba ne, ni ce.

Ranar Talata, tsakiyar Sha'aban ɗin nan, tsakanin azahar da la'asar, ina tankaɗe aka yi sallama a ƙofa, aka ce maigidanki, Kawu Yahuza, ya cika a likita. Sanƙarau. Rariyar ma ban san inda na yar da ita ba. Ya kamata a ce ina Ollelewa durƙushe gabanki, to yarinyar nan tawa ba ta gama tashi daga wannan ciwon ba, ba ta iya zaman mota. Shi ya sa na ari bakin kaset. Ki yafe mini.

Kawu, kai ka koya mini danna wannan abin. Ga shi yau ta'aziyyarka nake yi a cikinsa.

Inna, kin tuna babbar Sallar bara, da maigidana ya sauko daga Arlit da kwalaye? Talabijin, bidiyo, da akwatin ƙara murya da suke ce wa amfili, da lasifika biyu kowace ta kai turmi. Wai silima zai yi a zaurensa, ba sai ya je Damagaram kallo ba. Ya haɗa da kansa da batirin mota. Abu ya yi gurnani sau ɗaya kamar raƙumin da ake ɗaura wa kaya, sai shiru, sai ƙauri. Iya, uwar maigidan, ta ce a fitar mata da shi kafin ya cinye gida.

Aka kira ka, Kawu. Ka zo da 'yar jakarka ta fata, ba ka taɓa komai ba sai da ka sunsuna. Ka kira maigidana da sunansa, ka ce, "Ka ɗaura wa jar waya aure da baƙa. Ka gode wa fis, ɗan abin nan da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa, shi ya mutu a madadin dukiyarka." Ya ce bari ya naɗe fis ɗin da takardar kwalin taba, haka direbobi ke yi. Ka doke masa hannu kamar yaro, a gabana, a gaban uwarsa. Ka sa na jiƙa kanwa, ka wanke farin garin da ya toho a kawunan batir. Da ka ji shi zai koma aiki, ni za a bar wa kaya, ni kuwa ban san baƙi ko ɗaya ba, sai ka zare jan zare daga hularka, ka ƙulla a kan wayoyin. Ka ce, "Ja ga ja, Indo. In kin rikice, cire hannunki, yi salati, sake dubawa." Ran nan da aka sa fim, mota ta taso daga lasifikar hagu ta wuce ta dama, Iya ta ɗage ƙafafunta daga ƙasa. Ka yi dariya har da hawaye.

Haka kake. Rediyon tsohuwa in ya zo hannunka, kana yi masa magana kamar majinyaci. Ladani ya daina hura iska cikin lasifikar masallaci saboda faɗanka.

Da zafin nan ya shigo, ciwo ya kama yarinyar nan, wuyanta ya sanƙare, tana ihu in an taɓa ta. Ubanta na Arlit. Maƙwabta suka tsaya daga bakin zaure suna sannu, ba wanda ya tsallako, ban kuma ga laifinsu ba. Kai ka bar rumfarka a buɗe a kasuwa, ka shigo har ɗaki, ka ɗauke ta a ƙirjinka, numfashinta a fuskarka, har likita. Inna, abin nan na cina. Na tambayi manjo, mai duba majinyata a likita, ko a nan Kawu ya ɗauka, ya ce ba wanda ya sani, ciwon ya cika gari. Na san ajali ne. Amma in na rufe ido, kanta nake gani a wuyansa.

Ta tashi, alhamdu lillahi. Sai dai ta tashi shiru. A kira ta, ba ta waiwayawa. Iya ta ce shagwaɓar bayan jinya ce, a ƙyale ta. Ina so in yarda. Sai ran nan ta fita ƙofar gida, amalanken jaki ya taho da gudu, mai shi yana ta ihu, mutane na ihu, ita tana tsugune tana tsintar duwatsu. Ƙafar amalanke ta taka gefen zanenta. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Kai kaɗai na iya faɗa wa, Kawu. Ba ka ce mini in yi haƙuri ba. Ka ce, "Mu gwada." Na ce na gwada, na buga mata tasa a baya, wani lokaci tana juyowa. Ka ce tasa ƙarya take, yaro na ganin inuwar hannu, yana jin iska a ƙeya, yana jin ƙasa na motsi. Ka ɗaure lasifikan nan da igiya a jikin azara suna lilo, ba mai taɓa ƙasa ko bango, ɗaya ta nan, ɗaya ta can, tabarma a tsakiya. Ka nuna mini maɓallin da ke kai murya hagu ko dama. A jikin maɓallin ƙara murya ka karta layi da ƙusa, ka ce kada in wuce nan ko da wasa, kunnen da ya yi ciwo ba a yi masa tsawa.

Aka zaunar da ita, ta ba mu baya. Ka sa kaset na kiɗan kalangu, ka kai hagu. Ba ta motsa ba. Ka kai dama, sai lasifikar ta yi shiru ɗif. Ni na riga na fara kuka. Ka ce, "Tsaya, kada ki ɗora wa yarinya laifin akwati." Ka musanya su, ta hagu ta koma dama, ka ce in shirun ya bi akwati, akwatin ne, in ya tsaya a wurin, hanya ce. Shirun ya tsaya. Ka bi waya da yatsa har inda ta ratsa ramin bango, sai ga ɓera ya gaigaye ta, saura ɓawo. Ba ka zo da doguwar waya ba.

Sannan ka ce kiɗa ma ba shaida ba ne, yaron da ya sha jinya bai damu da kalangu ba. Ka ciro mikro, abin magana, ka miƙo mini. "Muryar uwa, da sunan yanka. Shi ne abin da ba ya wuce kunnen ɗa."

Inna, kin san 'yar fari ce. Tun ran suna bakina bai taɓa kama sunanta ba. "Ke" nake cewa, ko "yarinyar nan". Ga Iya zaune a bakin ƙofa tana kallona. Na ɓoye hannuna cikin mayafi. Ka dube ni, ka ce, "Kunyar nan taki, Indo, a wane kunne za a ɗiga mata ita?" Ka ce gobe za ka dawo da waya, in kwana ina shawara da bakina.

Goben ce ka tashi da ciwon kai.

Jiya saƙonki ya iso, Inna, wayar da kika tarar a aljihun rigarsa. Na kwance ƙullin. Ya riga ya feƙe bakunanta, ya ƙulla jan zare a inda ya kamata. Da ciwon a kansa ya yi wannan.

Da hantsin nan na haɗa. Sau biyu ina cire hannu ina salati. Da na kunna sai lasifikar ta yi wani kuka mai tsinin gaske, na tuna ka ce kada a tsaya da mikro a gaban lasifika, na ja baya, ta yi shiru. Na ƙwanƙwasa da farce, hagu ta amsa, dama ta amsa. Yanzu ba sauran akwatin da zan ɗora wa laifi.

Ga ta can a tabarma, ta ba ni baya, tana wasa da 'yar ƙwarya. Iya na tsakar gida tana surfe, kina jin taɓarya. Duk abin da na faɗa cikin abin nan, ita za ta ji, maƙwabta za su ji. Ba zan iya ni kaɗai ba, Inna. Na bar rakoda a kunne, ki zauna da ni. Kawu, ka ce a fara da hagu, a hankali, kamar raɗa.

Bismillahi.

Mariyama.

Ba ta motsa ba. Bari in ƙara, har kan layin ƙusa. Mariyama! Ya Allah. Tana ta juya ƙwaryarta. Taɓarya ta tsaya a waje. Bari in murɗa ɗayan maɓallin. To. Na kai dama.

Mariyama.

Inna. Inna, ta saki ƙwaryar. Ta karkata kai. Ba ni take kallo ba, akwatin take kallo. Ta miƙe, tana tangaɗi, ta je ta kama shi, tana leƙa bayansa, ni take nema a ciki! Ga ni nan, ke, ga ni nan bayanki!

Wannan muryar da kika ji, Iya ce a bakin ƙofa, taɓarya a hannu. Na ɗauka faɗa za ta yi. Cewa ta yi, "Me kika tsaya yi? Sake kiranta mana."

Ki ba ni kaɗan, Inna, in share fuska.

Kunnen hagu ban sani ba, wataƙila ya tafi. Na dama yana nan. Daga yau ta dama zan riƙa zama mata, in za mu bi hanya in sa wannan kunnen ta wajen titi. In ubanta ya sauko, mu kai ta babban likita a Damagaram, yanzu ina da abin da zan faɗa musu.

Kawu Yahuza, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya sa ka ji kiran rahama ran da za a kira kowa da sunansa. Ɗaukar da ka yi wa 'yata ran da kowa ya ja baya, Allah ya ɗauke ka da ita a kan siraɗi. Inna Yagana, Allah ya ba ki haƙuri da juriyar takaba, ya raya abin da ya bari, ya shirya su. Ki isar da gaisuwata ga dangi duka na Ollelewa da na Belbeji, da abokan zamansa na kasuwa in sun zo. Allah ya ɗauke mana wannan ciwo daga ƙasarmu ta Damargu, ya kyauta namu zuwan. Amin.

Zan kashe nan. Tana jan wayar, kada ta tsinke ta.