Ranar da Baba Ya Shanye Doka

Duk sanda na jiƙa tawada, ƙanshin ƙaro da gawayi ya bugi hancina, sai in tuna zauren kakana a Gaya, zamanin Nasara.

A lokacin akwai aikin tilas. Gardi, dogarin Nasara, yakan zo da jerin sunaye, a kwashi maza zuwa gyaran hanyar Dosso, ba lada, ba ranar dawowa. Wata shekara sunan Baba ya fito daidai da ruwan shuka. In ya tafi, gonarmu ta tafi.

Ana cikin haka kawuna ya haye kogi daga Dahomey da huhun goro da labari. Wani akawu ya karanta masa jarida: wakilan baƙar fata sun yi ta magana a majalisar Faransa, sojojinmu da suka dawo yaƙi su ma ba su yi shiru ba, har an soke aikin tilas. Kakana malami ne, bai yarda da maganar da ba a rubuta ba. Ya sa kawu ya maimaita a hankali, ya rubuta da ajami a allo, ya jingine shi a bango.

Kakata ba ta karatu. Ta ga allo cike da rubutu, ta ji an ce shi ne zai hana a tafi da ɗanta. Sai ta yi abin da ta saba: ta wanke shi tas a ƙwarya, ta yi bisimilla, ta ba Baba. Shi kuma ya ɗauka addu'a ce, ya shanye.

Da hantsi gardi ya iso. Kakana ya gyara zama ya ce doka ta soke aikin tilas, a kawo allo. Aka kawo shi fari fat.

Gardi ya ce, "Malam, ina dokar da kake faɗa?"

Kakata ta leƙo daga bayan zana, ta nuna Baba. "Tana cikinsa, ɗan nan. Ko ɗigo bai bari ba."

Gardi ya yi dariya har jar hularsa ta faɗi. Da ya share hawaye ya rage murya, ya ce shi ma ya ji wajen tafinta, takardar dokar na buro, ofishin kumandan Baturen mulki, shi ne bai sa a yi shela ba. "Ku je ku tambaya, amma ku je da yawa."

Dattawan unguwa suka sa rigunan Juma'a, suka zauna ƙofar buro kwana uku, ba zagi, ba hayaniya. Rana ta huɗu aka buga ganga a kasuwa, aka yi shelar. Baba ya shuka geronsa, Alhamdulillahi, mata suka yi ta guɗa har muryoyi suka dushe.

Na tsufa yanzu. Na ji an rubuta tsarin mulki, an soke, an sake rubutawa, duk a rediyo. Jikokina sukan tambaye ni ko sabon zai yi aiki. Nakan ce Allah ya sa, sannan in tambaye su: a cikinku wa zai je ya zauna ƙofar buro?