Kumbon da Na Wanke

Jiya warin fenti ya buge ni a wani shago a unguwar Dubeli, sai na tuna da surukina, Allah ya jiƙansa.

Ina amarya a gidansu na unguwar Makama a shekarar da aka ce mutane sun sauka a wata. Surukin nawa, da muke kira Bappa, tsohon kafinta ne. Hoton jarida kawai ya gani, ya ƙera ɗan kumbo da gwangwanin madara, ya yi mako uku yana masa fenti da gashin kaza.

Wata safiya ina shara na ga gindin kumbon ya yi baƙi ƙirin. Don neman shiga, na sa toka da soso na dirje shi tas. Ashe da gangan Bappa ya kanga shi a kan fitilar aci-balbal, don a ga inda wuta ta lashe shi a hanya.

Da ya gani, na durƙusa a bayan ƙofa. Kunya ta hana shi yi mini magana kai tsaye, sai ya ɗaga kumbon ya ce masa, "Ka je wata ka dawo, ga shi an wanke maka tafiyarka. Ka gode wa 'yata, ko ni ban taɓa samun irin wannan wanka ba."

Bayan la'asar ya aiko mini da kumbon da fitilar, wai hannun da ya wanke shi ne zai mayar masa da baƙinsa.

Allah ya wanke Bappa tas, ya bar masa ladan tafiyarsa.